Darasi: Man Giyar Mota Mai Atomatik

Shekarun baya, duk wanda ya tsaya a tashar Anka ko ta Gummi zai tarar motocin da ke lodi masu giyar hannu ne. Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta daɗe tana riƙe da hanya, daga baya Golf ta karɓe ta, kuma har yau Golf ba ta bar tasha ba. Direban irin waɗannan motoci yana taka kuloci da ƙafar hagu, ya sa giya da hannunsa, in wani abu ya fara lalacewa a tafin hannunsa zai fara ji. Motocin gida kuwa da ake shigowa da su yanzu ta Kwatano da Legas, irin su Corolla da Camry da Accord da Sienna da Vibe, galibinsu atomatik ne. Babu kuloci a ƙasa, sai birki da totur, motar ce ke sauya wa kanta giya. Su ne a hannun malamin makaranta a Bukkuyum, da dillalin hatsi a Nasarawar Burkullu, da ma'aikaciyar asibiti a Gummi.

Duk waɗannan mutane sun san juyen baƙin mai. Ko wanda ya sayi mota jiya ya san inji na son juye. Amma sai mota ta shekara huɗu ko biyar a hannun mutum bai taɓa ganin kalar man giyarta ba, wasu ma ba su san yana nan daban da na inji ba. Ba a tunawa da shi sai ranar da mota ta fara fizga, kuma sau da yawa a ranar an riga an makara.

Aikin da man yake yi

A giyar hannu aikin mai kusan ɗaya ne: ya hana haƙoran ƙarfe cin juna. A atomatik abin ya wuce nan nesa ba kusa ba. Tsakanin inji da giyabos akwai wani rufaffen kwanon ƙarfe cike da mai, kanikawa na kiransa kwanbata. A cikinsa akwai faifai biyu masu fikafikai suna fuskantar juna, amma ba su haɗe ba. Inji ke juya na farko, shi kuma ya riƙa watsa mai da ƙarfi a kan fikafikan na biyu, na biyun ya juya, ya juya giya, giya ta juya tayu. Wato a lokacin da mota ke tashi daga tsaye, mai ne kaɗai ya haɗa inji da taya. Shi ya sa direba ke iya tsayawa a D, ƙafarsa a kan birki, inji bai mutu ba.

Sauya giyar ma man ne ke yi. A cikin giyabos akwai famfo da inji ke juyawa, yana tura mai ta cikin wani farantin alminiyam mai ƙananan hanyoyi birjik. Kwamfutar mota tana lura da gudu da yadda aka taka totur, sai ta buɗe wannan hanya ta rufe waccan. Man da ya bi hanyar da aka buɗe shi ke matse wasu siraran faya-fayai da aka jera a junansu, ɗaya na ƙarfe, ɗaya mai fuskar wata takarda mai tauri da kanikawa ke kira faiba. In suka matsu suka kama juna, giya ta shiga. Sauyin ba ya cika daƙiƙa guda, kuma a cikin wannan ɗan lokaci dole faiba ta ɗan zame kafin ta kama. In ta kama farat ɗaya, mota ta yi fizga. In ta daɗe tana zamewa, ta yi zafi ta ƙone. Abin da ke daidaita wannan shi ne sinadaran da aka zuba a cikin man, kuma kowane kamfani da irin zamewar da ya tsara wa faibarsa. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta a wajen sayen mai.

Bayan haka, man ke kwashe zafin giya ya bi tiyo zuwa lagireto ya huce ya dawo, shi ke shafe haƙora da beyari, shi ke kwashe datti ya kai wa matata.

Giyar atomatik ba baƙuwa ba ce a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta a motocin Oldsmobile na 1940, kuma shi ya fito da man Dexron a 1967, sunan da har gobe ake gani a jikin galan a shagunan mai.

Abin da ke cinye shi a ƙasarmu

Babban abokin gabar man giya zafi ne. Ya fi son ya yi aiki a wajen digiri 80 na ma'aunin Selsiyos. Ƙa'idar da masana mai suka daɗe suna aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan wannan yana rage kwanan man da kusan rabi. To mu duba inda muke. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a yammacin Zamfara kan haura digiri 40, iskar da ke hura lagireto ita kanta da zafinta take zuwa. In mota ta samu kwalta mai kyau tana tafiya da gudu ɗaya, akwai wani kuloci a cikin kwanbata da ke kulle faifan nan biyu su juya tare, zafi ya ragu. Amma wanda ya baro Mayanchi ya bi ta Anka zuwa Daki Takwas da Gummi ya san sau nawa zai taka birki saboda rami ko shingen bincike, balle in ya sauka daga kwalta ya shiga hanyar ƙauye mai yashi da kwazazzabai. A irin wannan tafiya kwanbata ba ta samun kullewa, man na ta dakuwa, zafi na ta hawa. Ƙara da lodin ranar kasuwa: buhu uku a but, mutum biyar a baya, kwandon kaji a sama. Motar da aka ƙera don ta kai magidanci ofis a Amurka ita ke wannan aiki.

In zafi ya yi wa man yawa sai ya dahu. Ya yi duhu, ya fara barin wani danƙo a cikin ƙananan hanyoyin nan, sinadaransa su ƙare, robobin da ke riƙe matsin mai su bushe su taurare. Faiba kuma ta riƙa zubar da garinta a ciki. Ba a rana ɗaya abin ke faruwa ba, shi ya sa mai mota ba ya lura. Yau da gobe sai ya saba da ɗan fizgar, ya ɗauka halin motar ne.

Abokin gaba na biyu ruwa ne. A saman kowane giyabos akwai ƙaramar kafar numfashi. In mota ta kutsa ruwa mai zurfi, giya da zafinta, ruwan sanyi ya taɓa ta, sai ta zuƙi ruwa ta wannan kafa. Ruwa kaɗan ya isa ya saki gam ɗin da ya manne faiba da ƙarfenta. Mutanen Gummi ba su manta ambaliyar watan Agustan 2024 ba. Duk motar da ruwa ya taɓa shanyewa har ya haura tsakiyar taya, a duba man giyarta kafin a tada ta, ko da inji lafiya yake. Akwai kuma hanyar da ruwa ke shiga ba damina ba gulbi: in bututun man giya da ke cikin lagireto ya tsage, ruwan lagireto da mai su gauraya. Alamarsa man ya koma fari-fari mai kauri. Wannan ba a tafiya da shi ko nan da can.

A nan ya kamata a ce wani abu a kan al'adar cire tamostat, wadda ta zama ruwan dare a garejojinmu da sunan wai an yi shi ne don ƙasar sanyi. Kwamfutar motoci da yawa, har da na Toyota, ba ta barin mota ta shiga giyar ƙarshe sai ruwan inji ya kai wani zafi. In an cire tamostat, da sanyin hunturu sai mota ta daɗe ba ta kai wannan zafi ba, ta yi ta jan ƙaramar giya tana shan fetur, mai ita kuma ya ce giya ta lalace.

Yadda mota ke faɗin ciwonta

Alamar farko galibi da safe take zuwa. A sa mota a D ko ribas, ta yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku, can sai a ji ta buga. Sai kuma fizga a lokacin sauya giya, musamman daga ta ɗaya zuwa ta biyu. Wata motar kuma kakkarwa take yi in ana tafiya a hankali tsakanin kilomita 60 da 80 a awa, ƙafa ba ta danne totur sosai ba. Wadda ta fi muni ita ce zamewa: a taka totur, inji ya yi ƙugi, allurar inji ta haura, amma gudu bai ƙaru ba. In abin ya yi nisa, kwamfuta kan kulle mota a giya ɗaya don ta kare abin da ya rage, fitilar inji ta kama a dasbod, mota ta yi nauyin tashi.

Ga irin hirar da ake yi a gareji kusan kullum.

"Oga, motag ga ta fara ba ni tsoro. In na sa ta D da safe sai ta yi shiru, can in ji ta buga."

"Alhaji, yaushe rabon da anka yi mata juye?"

"Juye ai kowane wata biyu nika yi."

"Wancan na inji ne, ranka ya daɗe. Na giya nika tambaya."

"Wanda nis saye ta hannunai cewa yay yi ba a taɓa shi."

Bakaniken ya zaro sandar geji, ya goga a farin ƙyalle, ya miƙa wa Alhaji ya sunsuna. Daga warin ake fara sanin ko maganar ta lita huɗu ce ta mai ko ta sauke giyabos.

Sai dai ba kowace fizga ce laifin mai ba, kuma bakaniken kirki ba ya yanke hukunci kafin ya duba. Robar mazaunin inji in ta yage tana sa mota ta buga in an sa giya. Fulogi ko koyil da ya gaji yana kawo kakkarwar da ake ɗauka ta giya ce. Na'urar auna gudu, ko wayar da ɓera ya ci, ko batir mai rauni, duk suna rikita kwamfuta ta sauya giya ba daidai ba. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, ta fito da lambar ciwon. Lambobin da suka fara da P07 na giya ne. In babu mai na'urar a garinku, akwai su a Gusau da Sakkwato, kuma kuɗin binciken bai kai kuɗin sayen abin da ba shi ne ya lalace ba.

A hanyoyinmu ma maganar ta wuce kuɗi. Kowa ya san halin da tsaro ke ciki a wannan yanki. Babu mai son magariba ta yi masa tsakanin Anka da Daki Takwas da bonet a buɗe da iyali a cikin mota. Motar da ta fara zamewa ba ta doguwar tafiya ba ce.

Yadda ake duba man

Ba sai bakanike ba. Mai mota, namiji ko mace, zai iya yi a ƙofar gida da farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare.

A fara tafiya da motar kamar minti goma sha biyar don man ya ɗauki zafi, domin yana kumbura in ya yi zafi, awon sanyi kuma yaudara ne. A tsaya a wuri mai daidai, ba gangare ba. A ja birkin hannu, a taka birki, a bi da giya ta kowane harafi ana ɗan dakatawa, sannan a dawo P. A Toyota da yawancin motoci, inji na aiki ake dubawa. A buɗe bonet a nemo sandar gejin giya, kada a rikita ta da ta inji. Ta giya tana gefen giyabos, sau da yawa da ɗan makulli a bakinta. A zaro, a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamu biyun da aka rubuta HOT a kusa da su. A kula da fanka da bel, a tattare hannun riga da bakin mayafi. Tsofaffin Honda masu sandar geji nasu daban ne: ana kashe inji, a duba cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi. Wanda ya auna Accord da inji a kunne zai samu awon ƙarya.

In ya yi ƙasa, famfo zai riƙa zuƙar iska, matsi ya ragu, faiba ta zame. Kuma man giya ba ya ƙonewa ya ragu kamar na inji, saboda haka in ya ragu to yoyo yake, a nemo inda yake ɗiga. In kuma ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse komai. Masu cewa a ƙara lita guda don ko-ta-kwana suna jawo irin ciwon da suke gudu.

Sai a duba ƙyallen. Sabon mai ja ne garau kamar zoɓo, ana hango saƙar ƙyallen ta cikinsa. In ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa amma babu wari, ya tsufa, lokacin juye ya yi. In baƙi ne, yana warin ƙonewa, a murza shi tsakanin yatsu biyu a ji gari-gari, ko a ga ƙyalƙyalin ƙarfe a rana, to faiba ta riga ta ci wuta. Kala kaɗai ba ta isa shaida ba. Jan nan rini ne aka sa don a bambanta shi da man inji, wani man yana saurin duhu alhali da sauransa, wani ma tun asali ba ja ba ne, kamar NS-2 na Nissan da yake kore. Hanci da yatsu sun fi ido faɗin gaskiya a nan.

Motoci da yawa na baya-bayan nan, har da Camry daga wajen 2010, ba su da sandar geji sam. Ana auna nasu ta wani noti a ƙasan giyabos, mota a ɗage daidai, man a wani zafi na musamman. Wannan aikin wanda ya iya ne, ba na gwaji ba.

"Kada ka taɓa man giya"

Wannan magana ta zaga ko'ina, daga masu sayar da mota har wasu kanikawa, kuma duk wanda ya faɗe ta yana da labarin wani da ya yi juye giyarsa ta mutu bayan sati. Labarin ba ƙarya ba ne. Abin da ba a faɗa shi ne yaushe aka yi juyen. Mutum ba ya tunawa da man sai mota ta fara zamewa, wato bayan faiba ta cinye. A wannan hali garin faibar da ke yawo a cikin tsohon man shi ke ɗan taimaka wa faya-fayan su kama juna. Aka zubar da shi aka sa sabo mai santsi, sai zamewar ta fito fili. Giyar da ma ta mutu, sabon man ya tona asirinta ne kawai. Wani lokacin kuma man da aka zuba ba nata ba ne, ko an zuba ba daidai awo ba, ko yashi ya bi mazurari ya shiga. A lokacin hunturu, gareji a buɗe, ƙura na tashi, mazurari na kwance a ƙasa tun safe, ba abin mamaki ba ne.

Saboda haka hukuncin ya danganta da abin da ƙyalle ya nuna. In man ya tsufa amma bai ƙone ba, a canza shi, ko da mota ta fara ɗan fizga. Sau da yawa fizgar da kakkarwar kan ragu ko su tafi. In ya ƙone kuma mota na zamewa, bakanike ya faɗa wa mai mota gaskiya tun kafin ya taɓa noti: sabon mai ba ya mayar da faibar da ta cinye, gyara ne ko wani giyabos. Wanda ya karɓi kuɗin mai ya yi shiru a kan wannan, shi ke ƙara wa camfin ƙarfi.

Juyen da ya fi aminci shi ne a kwance notin ƙasa, man ya tsiyaye da kansa, a auna abin da ya fito, a mayar da daidai shi. In motar mai kwanon ƙasa ce da ake kwancewa, a sauke shi, a wanke, a goge ƙananan maganaɗisun da ke ciki, a duba matata, a sa sabon gaskit. Laushin baƙin gari a jikin maganaɗisu ba komai ba ne, gutsattsarin ƙarfe kuwa mugun labari ne. Kada a yarda a ɗuraye cikin giyabos da fetur ko kananzir, kada kuma a tura wa tsohuwar giya mai da injin matsi, don yana iya ɓamɓaro dattin da ya kwanta ya cusa shi cikin ƙananan hanyoyi.

Akwai lissafin da ya kamata kowa ya sani. Ba duka man ke fita ba in an kwance noti, fiye da rabi na maƙalewa a kwanbata da tiyo. A ce giyabos na cin lita 7, juye na fitar da lita 3. Bayan juyen farko, lita 4 cikin 7 tsohon mai ne, wato kashi 57 cikin ɗari. In an yi tafiya na 'yan kwanaki aka sake, tsohon ya koma kashi 33. A karo na uku ya koma kashi 19. Shi ya sa wanda ya yi juye sau ɗaya ya ga man bai yi ja garau ba kada ya ce an cuce shi, kuma shi ya sa ake maimaita juye sau biyu ko uku ga motar da aka daɗe ba a kula da ita ba.

Yaushe ake yi? Littattafan wasu motoci na cewa a tuƙin yau da kullum ba sai an canza ba, amma littattafan Toyota na Amurka da dama sun ce a canza a mil 60,000 in ana jan kaya ko ɗaukar nauyi. A lura, motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato kimanin kilomita 96,000 ke nan. A ganina wannan ya yi wa ƙasarmu nisa. Da zafinmu da yashinmu da lodinmu, tsakanin kilomita 40,000 da 50,000 ya fi kwanciyar hankali, ko shekara biyu ga wanda bai yarda da lambar da ke dasbod ɗinsa ba, tunda an san ana mayar da ita baya kafin a sayar da mota. Dubawa kuwa sau ɗaya a wata. Mai shirin sayen 'yar Kwatano ya zaro gejin giya kafin ya zaro kuɗi.

Wane mai za a zuba

A nan ake yawan kashe giya mai lafiya. Mai shago ya miƙo jan mai ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, saboda dalilin da muka gani a baya: kowace faiba da irin zamewar da aka tsara mata. Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Vibe ta waɗannan shekaru wadda cikinta Toyota ne, da Camry ta 2002 zuwa 2006, T-IV suke sha. Camry daga 2007 da Corolla daga 2009, WS ne, wanda ya fi T-IV tsinkewa, kuma ba a musanya su. Honda tana da nata, Z1 a da, sannan DW-1 ya maye gurbinsa. Tsofaffin Hyundai da Kia, SP-III. Sau da yawa sunan na rubuce a jikin sandar geji, a karanta kafin a tafi shago.

Akwai kuma wata irin atomatik da ake kira CVT, wadda ba ta da giya hawa-hawa, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fulai biyu. Tana cikin Nissan da yawa, da Accord mai silinda huɗu daga 2013, da yawancin Corolla 'yan Amurka daga 2014. Manta daban ne gaba ɗaya, in aka zuba mata na atomatik na yau da kullum bel ɗin zai zame ya ci fulai. Man giyar hannu mai kauri kuwa, mai lamba 90 ko 140, ko kusa da atomatik kada ya zo.

Jabu ya yi yawa a kasuwa, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ma ta sha kama jabun man mota. A sayi mai a rufe da hatiminsa, a guji na awo da ake tsiyayowa daga jarka. Mai mota ya tsaya a buɗe galan a gabansa. In an gama ya huda galan ɗin, don fankon da ya fita lafiya shi ke dawowa kasuwa cike da wani abu.

Hannun direba

Abubuwa kaɗan ne, amma su ke ƙara wa mai da giya kwana. A tsaya cak kafin a sauya daga ribas zuwa D. In mota ta kafe a yashi ko taɓo, kada a yi ta wurga giya gaba da baya ana danne totur, minti kaɗan na wannan ya isa ya dafa man. A sauko a haƙe, a sa itace, a nemi masu turi. A yashi mai zurfi ko hawa da kaya, a sa ta a 2 ko L. In jira ya yi tsawo a shinge, a mayar da ita N ko P.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wasu direbobi sun koma sakin mota a firi, wato N, in sun samu gangare. A motar zamani wannan ba ya rage shan mai, domin kwamfuta da kanta take yanke fetur in an ɗaga ƙafa mota na cikin giya, kuma mayar da ita D da gudu duka ne ga faiba. Atomatik ba ta tashi da turi. In ta mutu kuma ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa, don inji a kashe famfo ba ya aiki, ƙarafa na juyawa a bushe. A ɗaga tayun da ke ja, ko a ɗora ta a babbar mota.

Tsohon man da aka juye a tara shi a jarka mai murfi, a ba masu saye. Kada a zubar a ƙasa kusa da rijiya ko inda yara ke wasa, kada a shafa wa dabba ko ciwo. Ba dalma ba ce, amma mutanen Anka da Bukkuyum, da suka ga ɓarnar da gubar dalma ta yi a Bagega da Dareta da 'Yar Galma a 2010, ba sai an yi musu dogon bayani a kan gurɓatacciyar ƙasa ba.

Aikin aji da na gida

1. Dasbod ɗin wata Camry ya nuna mil 125,000. Kilomita nawa ke nan? In ana son yin juyen giya duk bayan kilomita 40,000, wace lamba dasbod zai nuna a juye na gaba?

2. Giyabos na cin lita 8, juye na fitar da lita 4. Lita nawa na tsohon mai za su rage bayan juye na biyu?

3. Ku kasu gida biyu. Wasu su kare maganar "kada ka taɓa man giya" da labaran da suka ji, wasu su tambaye su halin da man yake ciki kafin a yi juyen.

4. Kowa ya nemi izinin wani mai mota a unguwarsu, su duba man giya tare. A ɗiga shi a farar takarda, a rubuta sunan motar da shekararta da abin da ke rubuce a jikin sandar geji, a kawo takardar aji mako mai zuwa.